Baba Bai Ga Jifan Farko Ba

Gidan ƙanwata da ke unguwar Perry Barr a Birmingham bai taɓa ɗaukar mutane irin na makon da Baba ya rasu ba. Takalma sun cika bakin ƙofa har sun gangara kan matakala. Matan coci sun kama kicin, kowace da tukunyarta, maza kuma suna falo, wasu a tsaye don kujeru sun ƙare. Ɗaliban da Baba ya yi shekaru yana ɗaukowa daga tashar jirgi su ma sun zo, yawancinsu Musulmi. Suka zauna a gefe guda, in an gama waƙa sai su ɗaga hannu su yi tasu addu'ar. Ɗaya daga cikinsu, wanda yanzu likita ne, ya durƙusa a gabana yana kuka kamar uban nasa ne.

"Anti," ya ce, "sanyin farko da na yi a ƙasar nan, da rigar sanyin Baba na yi shi. Na kai masa kayarsa sau biyu yana korata."

Haka aka yi ta yi har kwana biyar. A rana ta shida sai gaisuwar ta canza. Mutum zai shigo da fuskar jimami, ya ce sannu da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ku, sannan ya sassauta murya, fuskarsa ta washe: "Af, mun gani a waya, an kira yaronki babban rukunin wasa a Amurka! Barka!" Wata dattijuwa ta riƙe hannuna ta ce, "Kin ga ikon Allah, ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga ɗaya." Na ce mata na gode. Na tashi na shiga banɗaki na kulle, na tsaya kan wurin wanke hannu ina ta tofar da yawu, bakina ɗaci kamar na tauna magani.

Ban musa ikon Allah ba. Amma ranar kiran nan ba daga sama aka sa ta ba. A wani ofis a Amurka aka sa ta, kuma an sa ta tun Baba yana tafiya da ƙafafunsa. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ba na so a tuna da mahaifina a matsayin ɗan labarin tausayi da masu sharhin wasa ke sakawa a tsakiyar hira.

Baba mutumin wani ƙauye ne a kudancin Zariya. Ya yi hedimasta shekaru masu yawa kafin ya zo Birmingham ƙarin karatu, ya kawo mu muna 'yan mata. Karatun ya ƙare, zaman bai ƙare ba, hedimasta ya koma direban bas. Bai taɓa jin kunyar hakan ba. Takalminsa na aiki kullum a goge, kuma ko ranar hutu ce ba ya cin tuwo sai ya sa riga mai maɓalli. Ni yake kira Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. In kana ba shi labari kana kewaye-kewaye, sai ya ajiye cokali ya ce, "To, na ji gabatarwa. Yanzu faɗa mini abin da ya faru."

Mijina ya rasu ɗana yana da shekara bakwai. Muna Manchester a lokacin, ina aikin jinya, kwana biyu a gida uku a asibiti. Baba bai yi dogon jawabi ba. Sai dai duk Asabar ta biyu za ka ji ƙwanƙwasa ƙofa, ga shi da leda, a ciki ƙuli-ƙuli da burodi. Jikan yana yi masa Turancin Manchester, shi yana amsawa da Hausa, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ce bai gane ba. Abokina yake kiransa. Yaron kuma Kaka.

A wani fili kusa da gidanmu Baba ya fara lura da hannun yaron. Ƙwallon wasu yara ta faɗo wajensu, yaron ya ɗauka ya mayar musu daga nesa, ta sauka daidai a ƙirjin mai ita. Baba ya dawo gida yana ta murna kamar an ba shi sarauta.

"Uwata, hannuna ne! Da wannan hannun nake korar birai daga gonar masara. Dutse ɗaya, biri ɗaya."

"Baba, Mama ta ce birai sun cinye gonar nan kaf."

"Uwarki ba ta wurin."

Shi ya gano wani ƙaramin kulob na besbol a bayan gari, inda 'yan Amurka da 'yan Japan da ke aiki a nan suke haɗuwa ranar Lahadi. Ni ban san wasan ba, ban kuma so in sani ba. Wasan sanda nake ce masa. Baba ya koma zuwa duk mako, daga coci su wuce can, su dawo da laka har gwiwa. Yaron ya zama mai jifa, wato wanda ke tsayawa a tsakiyar fili ya wurga ƙwallo, mai sanda kuma ya yi ƙoƙarin bugawa.

Faɗa mafi girma da muka taɓa yi da Baba a kan wannan ne. Wata jami'a a Amurka ta ba yaron gurbin karatu kyauta saboda jifansa. Na ce ba inda za shi. Ɗa ɗaya gare ni, ga jami'a a nan kusa, ya karanta abin da zai ci abinci da shi. Baba ya zo Manchester takanas. Na zuba masa tuwo da miyar kuka, ya ture kwanon gefe.

"Ba zan ci ba sai kin faɗa mini dalilinki na gaskiya."

"Na faɗa maka, Baba. Karatu."

"Can ma karatu ne. Uwata, na riƙe yara a aji, ban ce ban riƙe ba. Amma ban taɓa hana yaro wucewa na ɓoye wa ubansa dalili ba. Ke tsoron zaman kaɗaici kike yi. Faɗi haka, sai mu yi magana."

Na yi masa tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ba shi ya haifi yaron ba. Ya tashi ya ɗauki hularsa ya kama hanyar tasha, tuwon na nan. Mako uku ba mu yi magana ba. Ni na kira shi, na ce gaskiya ya faɗa. Ya ce, "To. Ki ajiye mini miyar."

Yaron ya tafi. Bayan shekara uku wani babban kulob ya ɗauke shi, ya tura shi ƙananan rukunoninsa, inda ake horar da matasa kafin a kai su babban fage. Baba ya riga ya yi ritaya, sai ya mayar da wasan aikinsa. Kullum da safe bayan addu'a zai jingina waya da kwalbar zuma ya kalli wasan jiya. Ya raɗa wa kowane jifa suna. Akwai mai gudu, akwai mai lanƙwasa, akwai wadda yake kira maƙaryaciya, wadda ke fitowa kamar da ƙarfi sai ta iso a hankali, mai sanda ya kai wa iska duka. In aka yi wannan Baba kan yi dariya har tari ya kama shi. Yaron ya aiko masa da hular kulob ɗin, ya riƙa sa ta a kan kaftani, har coci.

Ɗaliban da yake taimako ma ba su tsira ba. In ya raka sabon zuwa ya yi rajista da GP, wato likitan unguwa, ko ya nuna masa ofishin ƙaramar hukuma, a hanyar dawowa sai ya zaro waya. "Tsaya ka ga abokina." Wani ɗan Katsina ya gaya mini ya san dokokin besbol kafin ya san lambar bas ɗin unguwarsu.

A farkon bana, lokacin atisayen share fage, yaron ya fi kowa. Ba ni na faɗa ba, masu sharhinsu ne suka yi ta faɗa. Baba ya sabunta fasfo. Ya aika Zariya aka ɗinko masa babbar riga fara, ya rataye ta a bayan ƙofa cikin ledarta. Ya ce da ita zai zauna a filin ranar da za a buɗe kakar wasa.

Saura kwana huɗu a fara, kulob ya fitar da sanarwa: yaron zai koma ƙaramin rukuni, wai yana buƙatar ya ƙara gogewa wajen tsintar ƙwallo in an bugo ta ƙasa. Baba ya karanta sau uku. Ya ce a kira masa wakilin yaron, mutumin da ke kula da kwantiraginsa. Muka zauna a teburin cin abincina, wakilin yana kan allon waya, da murmushinsa na mutumin da ya saba ba da labari marar daɗi.

"Jikana bai iya tsintar ƙwallo ba?" in ji Baba.

Wakilin ya yi 'yar dariya. Ya ce kada mu damu da wannan, dole ne su faɗi wani abu. Ya yi mana bayani dalla-dalla. Kulob yana da ikon riƙe ɗan wasa shekara shida kafin ya samu 'yancin zuwa inda yake so. Amma shekara ba ta shiga ƙirga sai ɗan wasa ya cika wasu kwanaki a babban rukuni. In aka jinkirta kiransa da mako biyu da 'yan kwanaki, shekarar farko ba ta cika ba, shida ta zama bakwai ke nan.

"Kowa haka yake yi," ya ce. "Ba su karya doka ba."

Baba ya matso kusa da wayar. Sannan ya tambaya, a hankali, da Turancinsa na hedimasta, "Wato ba don ya kasa aka bar shi ba?"

"A'a. Don ya ƙware ne. Da bai kai haka ba, da ba wanda zai damu da shekararsa ta bakwai."

"Kuma suka gaya wa duniya bai iya ba."

"Haka ake yi, yallaɓai."

Da aka kashe waya Baba ya cire hular daga kansa, ya juya ta yana kallo kamar ya tsinci wani abu a cikin abinci. Ya miƙo mini.

"Ki zuba maƙalan shanyar kaya a ciki."

Na ɗauka wasa yake yi. Ba wasa yake yi ba. Bai ƙara sa ta ba.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne hirar da aka yi da yaron washegari. An sa shi gaban kyamara, ya ce ya gode wa kulob, ya yarda akwai abin da zai gyara, zai je ya yi aiki tuƙuru. Baba ya kalli fuskarsa ya ce, "Sun yi ƙarya, sun kuma sa shi ya maimaita ta da bakinsa. Yaron da ko nama ya ɗauka a tukunya sai ya zo ya faɗa." Ranar bai ci abincin rana ba.

Mako biyu suka wuce, uku, huɗu. Shiru. Yaron yana can yana fitar da masu sanda ɗaya bayan ɗaya a gaban kujerun da babu kowa, babban kulob ɗin kuma yana ta shan kashi don rashin mai jifa. Na sake kiran wakilin. Ya ce da alama sun yanke shawarar su ƙara jira. Akwai wata ƙa'ida kuma: waɗanda aka kira da wuri suna samun damar zuwa gaban mai raba gardama a kan albashinsu shekara guda kafin sauran. In aka bar shi har wajen watan Yuni, ya fita daga wannan sahun. Ba wanda ya san takamaimiyar ranar, don haka za su ƙara 'yan kwanaki a kai don su tabbata.

A cikin waɗannan makonnin ne ƙafafun Baba suka fara kumbura. GP ya tura shi babban asibitin da ke Edgbaston. Zuciya ce. Ni ma'aikaciyar jinya ce, da na ga takardun ban buƙaci wani ya fassara mini ba. Na ɗauki hutu na tare a Birmingham.

Ko a gadon asibiti bai canza ba. Ya san sunan duk mai shara, ya san wace ce ɗanta ke rubuta jarrabawa. Wani tsoho Bature a gadon kusa da shi ba mai zuwa duba shi, sai Baba ya ce wa ƙanwata ta riƙa zuba kunun gyaɗa kofi biyu. Da likita ya fara yi masa magana a lulluɓe, Baba ya ɗaga hannu ya ce a faɗa masa kai tsaye. Aka faɗa masa. Ya yi godiya.

Wata ranar Laraba da la'asar yaron ya kira. Na riƙe wa Baba wayar.

"Kaka, zan zo. Na duba jirgi, akwai na gobe."

"Me wakilinka ya ce?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Ya ce wakilin ya gaya masa kiran zai iya zuwa kowace rana. In ya yi tafiyar mako guda, zai rasa jifa ɗaya ko biyu, sai su ce hannunsa ya yi sanyi, yana buƙatar lokaci, su samu sabon dalilin da a wannan karon zai yi kama da gaskiya.

"To zauna," in ji Baba. "Kada ka ba su abin faɗa. Ina nan, abokina. Ina za ni da waɗannan ƙafafun?"

Yaron ya ce a ba shi ni. Na fita baranda. "Mama, ki faɗa mini gaskiya, akwai lokaci?"

A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi a bayan na kulob ba. Na san abin da ke cikin takardun nan. Amma ni ma na riga na shiga ƙirgar kwanakinsu. Ina kwana ina tashi da ita: saura kaɗan, watan Yuni ya kusa, shekarun wahalarsa kada su tafi a banza. Na ce masa, "Akwai lokaci. Ka yi abin da ya kai ka."

Da na koma ɗaki Baba ya kalle ni. Ƙofar barandar a buɗe take, ya ji komai. Can ya ce, "Uwata, sun koya mana abinsu, ni da ke." Ya juya fuskarsa bango.

Ya rasu da safiyar Litinin, bayan an kawo shayi, hannunsa a cikin na ƙanwata. Ranar Asabar aka kira yaron.

Wasansa na farko ya faɗo ranar Lahadi, da rana a can, da yamma a nan. 'Yan zaman makoki suka kunna talabijin a falon ƙanwata. Ban hana su ba, na dai tsaya a kicin ina wanke kofunan da an riga an wanke. Ina jin ihunsu duk lokacin da ya fitar da wani. Ina kuma jin mai sharhi yana ba da labari da murya mai taushi, wai matashin ya rasa kakansa a makon nan, wai saboda shi yake jifa yau, wai kulob ɗin ya tsaya masa kamar dangi. Ba wanda ya ƙara maganar tsintar ƙwallo. Cikin kwana ɗaya ya iya.

Washegari wata mata daga ofishin kulob ɗin ta kira ni, da ladabinta da komai. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce ko zan turo musu hoton marigayin, suna so su nuna shi a babban allon fili a wasa na gaba. In da hali, wanda yake sanye da hularsu.

Na ce mata babu.

Ta ce ko wani hoton daban ma ya yi.

Na ce, "Yana da hotuna da yawa. Ku ne ba za ku samu ba." Na kashe waya.

Sun ba yaron kwana uku ya zo jana'iza. Mun sa wa Baba farar babbar rigar. Yaron ya ɗauki akwatin ta gaba, a kafaɗar hagu, don wakilin ya ja masa kunne a kan hannun dama. Na gani, shi ma ya ga na gani.

Bayan an watse, muka tsaya ni da shi a bakin titi gaban gidan ƙanwata, yana jiran motar da za ta kai shi filin jirgi. Ya yi tsawo, ya yi faɗi, amma da ya buɗe baki muryar ɗan shekara bakwai na ji. Da Hausa ya yi tambayar, Hausarsa mai karyayyen harshe.

"Mama, da na zo ran Alhamis ɗin nan, zai gane ni?"

Amsa mai sauƙi tana bakina. In ce ai ya riga ya fita hayyacinsa, zuwanka ba zai canza komai ba. Da ya yarda, da ya hau jirgi da sauƙin zuciya.

Na ce, "Zai gane ka. Da hankalinsa har safiyar ƙarshe. Ran Asabar ya tambaye ni ko ka ci abinci. Ni na ce maka akwai lokaci, kuma na san babu."

Bai yi mini faɗa ba. Ya zauna a kan dakalin titi da baƙar kwat ɗinsa, ya rufe fuska da tafukansa. Na zauna kusa da shi. Bas biyu suka wuce mu. Da motar ta iso direban ya leƙo ya ga yadda muke, ya kashe inji ya jira.

Na ce masa ya ƙara kwana ɗaya, ko ɗaya tak.

Ya share fuska ya miƙe, ya ɗauki jakarsa. "Ba zai yiwu ba, Mama. Ni zan yi jifa ran Juma'a. Sun ce ba su da wani kamar ni."

Baba, ka huta. Ubangiji ya karɓe ka a inda ba a sa wa mutum rana don ribar wani. Mu da ka bari, ya ba mu haƙuri, ni kuma ya gafarta mini.